Dan Allah shawara: in canja amfilifayar hedifon ɗina ko in haƙura da wanda nake da shi?

Abba Hotoro: Slm jama'a barkanmu da dare. Dan Allah shawara nake nema wajen masana, kwana kusan goma kenan abin nan na cina a rai. Ina da hedifon Beyerdynamic DT 770 Pro mai om 250 (om shi ne ma'aunin yadda abu yake tare wutar da ke shigarsa), na hannu na saya wajen wani abokina da ya bar harkar situdiyo, shekara biyu kenan yana hannuna, da shi nake gyaran karatun malamai da ake ɗauka a masallacin unguwarmu, tafsirin azumi da karatun littafi na bayan magariba, in cire tari da kukan yara da ƙarar adaidaita sahu sannan in tura wa mutane a waya. Amfin, wato amfilifayar da ke ƙara masa ƙarfin sauti, da nake haɗa shi da shi FiiO E10K ne, ɗan ƙarami bai cika tafin hannu ba, a USB ɗin laftof yake shan wuta.

Matsalata uku ce. Na farko sautin baya cika min kunne sai na murɗa shi kusan ƙarshe, musamman in malam ya yi ƙasa da murya. Na biyu bes ɗin ya tafi, da farkon sayensa in na sa ƙira'a ina jin muryar har ƙirjina amma yanzu ta zama siririya. Na uku akwai wani zuuuu da nake ji a ƙasan sautin in caja tana jikin laftof. Na ɗauki adashina wannan watan kuma wlh ba kuɗin banza bane, wata takwas ina zubi. Ina tunanin FiiO K5 Pro ko JDS Labs Atom. Wanda ya sani ya faɗa min gaskiya tsakaninsa da Allah, zan ji bambanci ko asarar kuɗi zan yi?

Sadiq Zoo Road: Wslm Abba. Sayi K5 Pro kawai ka huta. Shekarata goma sha ɗaya a situdiyo, mai om 250 ba abin wasa bane wuta yake ci, wannan ɗan abin USB ɗin naka ba zai iya tuƙa shi yadda ya kamata ba. Ranar da ka sa shi a babban amfi za ka ce dama haka hedifon ɗin nan yake ban sani ba

Khalifa: Yaya Abba ni dai da nine kawai na Bluetooth zan saya in rabu da wayoyi. Ko shima sai an sa masa amfi?

Injiniya Nura: Khalifa na Bluetooth amfinsa yana cikinsa tare da batirin, ba inda za ka sa masa wani, kuma ga mai gyaran murya bai dace ba don sautin yana ɗan makara kafin ya iso kunne, in kana yankan kalma sai ka dinga kuskure wajen.

Abba kafin ka fitar da ko sisi bari mu yi lissafi tare, ba wahala gare shi ba. Kamfanin hedifon ɗinka sun rubuta yana bada desibel 96, desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara, in aka bashi miliwat 1 kacal. Amfinka kuma an rubuta yana bada miliwat 200 a kan om 32, in ka juya wannan zuwa bolt zaka samu wajen bolt 2.5. To bolt 2.5 sau 2.5 ya zama 6.25, ka raba da 250, ka samu miliwat 25. Duk ninkin wuta sau 10 yana ƙara desibel 10, duk ninki biyu yana ƙara desibel 3, dan haka miliwat 25 ya kai ka wajen desibel 110. Abba desibel 110 fa, wannan kamar ka tsaya ne gaban lasifikar gidan biki ka kafa kunne. In har kana murɗawa zuwa ƙarshe kuma baka jin ya isheka to wutar tana ɓacewa a wani waje kafin ta iso, ko kuma matsalar ba a amfin take ba sam.

Ka duba min abu uku yanzu yanzu. A bayan amfin akwai ɗan makunni na gen, wato na ƙarfin sauti, L na ƙasa da H na sama, a wanne yake? Bolum ɗin Windows nawa yake? Sannan shi kansa manhajar da kake aiki da ita ina bolum ɗinta ya tsaya?

Sadiq Zoo Road: Injiniya lissafinka daidai ne a takarda amma wallahi aiki daban yake. Wannan 110 ɗin da kake faɗa sai in fayil ɗin ya cika maƙil ya taɓa sifili, wato iyakar ƙarar da fayil zai iya ɗauka, irin waƙar da aka gama masta ɗinta. Shi kuma Abba ɗanyen rikodin yake saurare, wanda aka ɗauka a masallaci watakila makirfon na nesa da bakin malam, irin wannan zaka ga yana yawo a kasa da sifili da desibel 20 ko fiye. Cire 20 daga 110 ɗinka me ya rage? Kuma wannan ƙololuwa ce ba matsakaicin sautin ba. Mu da muke wuni a kan ɗanyen aiki mun san amfanin rarar wuta, ba dan mu kurmantar da kanmu bane, dan in abu yazo a hankali ka samu inda zaka ƙara

Injiniya Nura: Oga Sadiq wannan magana taka gaskiya ce ban musa ba, kuma ita ce hujja mafi ƙarfi ta sayen babban amfi. Amma ai ɗanyen fayil ɗin a kwamfuta yake, ko Audacity da ake saukewa kyauta yana da inda zaka ɗaga sautin gaba ɗaya kafin ka fara aiki, dannawa biyu ne. Kuma dole ma sai ya ɗaga shi kafin ya tura wa mutane ko ba haka ba, ai ba zai tura wa tsofaffi karatu su kasa ji a waya ba. Kai a situdiyo kana da tirak talatin a buɗe mawaƙi na tsaye a ɗaki yana jiranka, baka da lokacin wannan, shi kuwa murya ɗaya ce tal.

Sannan ka duba ɗaya ɓangaren. K5 Pro an rubuta wat 1.5 a kan om 32, wato kusan bolt 7, a kan om 250 zai iya kai wajen miliwat 190. Hedifon ɗin Abba miliwat 100 aka rubuta iyakar abin da zai ɗauka. Kenan kusan rabin abin da zai biya kuɗinsa ba zai taɓa amfani da shi ba, bambancin duka bai wuce desibel 9 ba a kan wanda yake da shi.

Sadiq Zoo Road: Desibel 9 kaɗan ne a wajenka? Ai kusan ninki biyu kenan a kunne

Injiniya Nura: Ba kaɗan bane, tambayata ita ce yana buƙatarsa? Shi ya sa nace ya fara duba makunnin nan

Abba Hotoro: Injiniya na duba. Innalillahi, a L yake. Wlh tunda na saye shi ban taɓa taɓa wajen ba, na ɗauka na bes ne kawai makunnin da yake da shi, wanda yake gaba. Windows kuma a 62 na same shi, ina jin ƙanina ne ya rage ranar da yayi kallo da shi. An ɗauke wuta laftof ɗin saura kashi 9, da safe zan gwada sosai in sha Allah

Ɗanlami Farm Centre: Abba ni maganar zuuu ɗin nan zan yi maka don ita ce sana'ata, kullum sai an kawo min irinta. Ka ce sai caja na jiki kake ji, to ai ka riga ka kama ɓarawon da kanka, amfi bashi da laifi, dattin wutar caja ne yake bi ta USB ya shiga. Cajar taka mai baki biyu ce ko uku? Asalin wadda tazo da laftof ɗin ce ko ta kasuwa ce? In ka taɓa ƙarfen jikin laftof ɗin da bayan hannu ƙafarka a ƙasa ba takalmi kana jin yana ɗan tsikararka? In eh to ba ayin a layin, wato wayar da take sauke wuta zuwa cikin ƙasa. Gidajenmu da yawa soket ɗin baki uku ne amma in ka kwance zaka ga na ukun ba a haɗa shi da komai ba, mai wayarin ya bar shi haka nan. Ka sayi amfin miliyan ɗaya in dai ta wannan USB ɗin sautin zai bi kuma ba ka gyara wutar ba, zuuu ɗin na iya binka can.

Sai maganar Atom, dan Allah ka saurare ni da kyau. Shi da wani amfin da ake kira Schiit Magni irin adaftarsu ba irin ta waya bace da take karɓar kowace wuta daga 100 zuwa 240, taransifoma ce zalla a ciki, ana yin ta 120 saboda Amurka ana yin ta 230 saboda irin ƙasashenmu. Wutarmu 230 ce. Watannin baya wani bawan Allah ya kawo min wani amfi da ɗan'uwansa ya aiko masa daga Amurka, ya ga bakin fulogin bai shiga soket ba sai ya sayi ɗan adafta na canja baki kawai ya soka, ko minti ɗaya ba a yi ba hayaƙi ya tashi, da na fasa adaftar wayar ciki ta narke ta haɗe kamar alewa, warin har washegari yana shagona. Mutumin nan kamar zai yi kuka, ko sau ɗaya bai ji sautin abin ba. Kuma in inbata kake amfani da ita irin mai arha wadda wutarta ba santsi, taransifoma tana ƙugi tana zafi a kanta. Naka na yanzu da yake shan wuta a laftof duk ya tsallake wannan, in an ɗauke wuta kana aikinka a batir, in an kawo lo karan ba ruwanka, a garin nan wannan ba ƙaramin abu bane

Abba Hotoro: Ɗanlami wlh kamar kana ɗakina. Ta kasuwa ce mai baki biyu, asalin ta ƙone bara, kuma eh yana tsikarata har na saba

Ɗanlami Farm Centre: Kar ka saba da shi. Kawo laftof ɗin in gwada maka da caja mai kyau mai baki uku ka ji da kunnenka, sannan ka samu mai wayarin ya duba maka ayin ɗin ɗakin, ƙarfe ne ake kafawa a ƙasa a ja waya, ba wani tsada can ba. Kuma ka tuna Atom amfi ne kawai ba DAC a ciki, wato abin da ke juya fayil ɗin kwamfuta ya zama sauti, sai dai ka ja sauti daga bayan E10K ɗinka ka kai masa, K5 Pro ne yake da duka biyun

Maman Walid: Assalamu alaikum. Ni ba masaniyar amfi bace, na shigo gurup ɗin nan ne saboda ina ɗan ɗaukar shirin murya a kan lafiyar mata, amma ma'aikaciyar jinya ce ni kuma maganar Abba ta tsaya min a rai tun ɗazu. Abba ƙanina awa nawa kake yi da abin nan a kunne a rana? Kuma in ka cire da daddare ɗaki yayi shiru kana jin wani tsiiii a kunnenka?

Dalilin tambayata, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraren desibel 80 na awa 40 a sati ba matsala, amma in ya kai 90 awa 4 ne kacal a satin gaba ɗaya, in ya kai 100 kuwa minti 20 ne. Ba a rana ba, a sati. Can cikin kunne bayan dodon kunne akwai wani abu a naɗe kamar gidan dodon koɗi, cikinsa wasu ƙananan gashi ne suke karɓar sauti, in ƙara ta kashe su basa sake fitowa, ba magani ba allura. Kuma abin baya zuwa da ciwo shi yasa mutane basa lura, sai dai mutum yaga yana ta ƙara bolum yana cewa na'urar ce ta lalace, ko a taro ana magana yana ji amma baya rarrabe kalmomin. Na sha ganin samari masu aikin injin markaɗe da masu walda da masu kiɗan biki da wannan matsalar, wasu basu kai talatin ba.

Ban ce kana da ita ba Allah ya kiyaye. Amma mutumin da yace sauti baya isarsa kuma yana neman abin da zai ninka masa ƙara, ni dai sai naga ya fara zuwa a auna kunnen. Akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro a asibitin Malam Aminu Kano, gwajin ba zafi, hedifon za a sa maka kana danna abu in kaji ƙara.

Abba Hotoro: Anti nagode sosai Allah ya saka da alheri. Gaskiya lokacin azumi ina kai awa shida bakwai don kullum sai na fitar da tafsirin ranar kafin sahur. Tsiii ɗin ina jinsa wani lokacin amma zuwa safe ya tafi. Kuma maƙocinmu janaretansa a jikin tagata yake, in ya tayar dole in ƙara sauti

Maman Walid: To ka gani. Wanda yake tafiya da safe gargaɗi ne kunnen yake maka. Dan Allah kaje, kuma ka dinga cirewa kana hutawa ko minti goma ne duk awa

Injiniya Nura: Maganar janaretan nan ta haɗu da ta bes ɗin. Abba ɗauki hoton soson kunnen ka turo mana, wannan mai laushin kamar karan-miski

Abba Hotoro: Gashi nan. Da launin toka ne mai haske, yanzu kun ga yadda ya koma

Sadiq Zoo Road: Kai Abba! Ai wannan soson ya mutu tuntuni, ya kwanta kamar tabarma, gefen hagu ma naga kamar ya fara yagewa. To a nan kam na yarda da Injiniya, bes ɗinka ta nan yake zurarewa. Irin hedifon ɗin nan rufaffe ne, sai soson ya kama kai ruf iska bata fita sannan bes yake zama, in ya kwanta kunnenka ya matso jikin lasifikar sauti ya canja gaba ɗaya, kuma ƙarar waje ta samu hanyar shiga shi yasa janaretan ke damunka haka. Mu a situdiyo da zafin garin nan da gumi da man kai soso baya mana shekara biyu, balle kai da ka saye shi na hannu, Allah kaɗai ya san shekarunsa. Ana sayar da soson daban, EDT 770 V ake ce masa, cire tsohon kawai zaka yi ka saƙala sabo. Amma ka kula akwai na jabu masu kama da shi, kuma kar wani ya ruɗeka da na leda wai ya fi kyau, yana canja sautin, ga zafi, a watan Afrilu ba zaka iya minti talatin da shi ba.

Amma fa har yanzu ina kan bakata a maganar amfi

Baba Alhaji Fagge: Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne ya sa ni a wannan zauren, ina karantawa ban cika magana ba. Yau dai zan ce wani abu domin abin ya tuna mini da da. Wajen 1983 na sayi amfilifaya Sansui a Sabon Gari da kuɗin fatauci na na farko, da abin faifai da na kaset, har yau tana ɗakina a lulluɓe da ƙyalle kuma tana aiki, nauyinta sai ka sa hannu biyu. A zamaninmu ba mu san wani amfi na hedifon daban ba, rami ne a gaban babbar sai ka soka. Abba in kana so ka zo Fagge bayan la'asar ka zo da naka ka soka ka ji, ba sai ka kashe kuɗi ba kafin ka san ko babba tana da wani abu da take ƙara maka. Mu da haka muke yi, ba a sayen abu sai an je gidan wanda yake da shi an zauna an saurara, wani lokaci har a ci tuwon dare a can.

Abba Hotoro: Allah ya ƙara girma Baba, Allah ya ja kwana. In sha Allah zan zo ranar Asabar, zan karɓi kwatance wajen jikan naka

Injiniya Nura: Baba Allah ya saka. Abba kaje, amma ka riƙe abu ɗaya a ranka. Irin waɗannan tsofaffin amfilifayoyin yawanci daga layin lasifika ake jawo ramin hedifon ta cikin resisto, sai om ɗin bakin ramin ya zama babba, sau da yawa sama da 100. Ka'idar da ake bi ita ce om ɗin bakin amfi kar ya wuce kashi ɗaya cikin takwas na om ɗin hedifon, naka 250 ne kenan kar ya wuce wajen 31. In ya wuce sai kaji bes ya ƙara kauri ya ɗan saki, da daɗi a kunne wajen sauraro, mutane da yawa ma shi suke so, amma ba shi ne ainihin abin da ke cikin fayil ɗin ba. Kai mai gyara ne, kana buƙatar abin da zai faɗa maka gaskiya, in ba haka ba zaka rage bes a muryar malam alhali lafiyarta ƙalau. Kuma ka fara da bolum a ƙasa can kafin ka soka.

Sannan duk wanda zai gwada amfi biyu dan Allah ya daidaita ƙararsu tukunna. Kunnen ɗan Adam in ɗaya ya ɗara ɗaya ƙara ko da desibel 1 ne sai yace wancan ya fi tsabta ya fi faɗi ya fi komai, ba zai ce ya fi ƙara ba. A nan yawancin mutane suke ruɗuwa. Ka sa sautin gwaji na 1 kHz, ka auna bolt ɗin da maltimita a bakin waya, ka daidaita su, sannan wani ya dinga canja maka kai ka juya baya baka gani.

Sadiq Zoo Road: Injiniya wato kana nufin abin da nake ji shekara goma sha ɗaya ruɗu ne kenan? Haba dai. Ba komai mita take aunawa ba

Injiniya Nura: A'a Oga wlh ba raini bane, kunnenka ya fi nawa horo nesa ba kusa ba, kai zaka ji kuskuren da ni ba zan ji ba. Cewa nayi a gwada a rufe. In ka rarrabe su sau tara cikin goma ni da kaina zan ce wa Abba ya saya, kuma akwai hedifon da dole sai babban amfi, irin masu om 600 ko wasu irin da suke shan wuta sosai, ban taɓa cewa amfi bashi da amfani ba

Sadiq Zoo Road: Shikenan ku zo situdiyo ranar Lahadi da safe kafin masu aiki su fara zuwa, ina da K5 Pro a nan, Ɗanlami ka taho da mitarka

Ɗanlami Farm Centre: Ba damuwa zan zo da caja ma

Khalifa: Dan Allah nima zan zo in kalla, ni zan dinga canja wayar

Abba Hotoro: Slm jama'a, na dawo da bayani kamar yadda nayi alkawari, ku yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Washegarin ranar na maida gen H na kai Windows 100, wlh ko rabin bolum ɗin amfin ban kai ba na ji ya isheni, har na tsorata da na tuna inda nake kaiwa da. Asabar naje wajen Baba, ya karɓe ni kamar jikansa, ya cire ƙyallen da hannunsa ya goge gaban da hular kansa kafin ya kunna, fitilar ciki ta kawo wani ruwan ɗorawa a hankali, muka sa wani tsohon kaset na ƙira'a muka yi shiru har aka kira magariba. Sautin akwai kauri da daɗi kamar yadda Injiniya ya faɗa, ban taɓa jin hedifon ɗina haka ba, amma da na sa fayil ɗin da na sani sosai sai naji muryar malam tayi nauyin da nasan ba haka take ba a masallaci.

Lahadi muka haɗu a Zoo Road. Ɗanlami na sa cajarsa a soket ɗin situdiyo zuuu ɗin ya ɗauke ɗif, muka maida tawa ya dawo, sau uku muna yi. Oga Sadiq ya ara min soso daga nasa hedifon ɗin muka saƙala a nawa, jama'a bes ɗin nan da nake nema wata da watanni sai gashi ya dawo, na rasa me zan ce. Sai gwajin amfi, aka daidaita da mita na juya baya Khalifa na canjawa, sau goma, na ci biyar na faɗi biyar, wato dai ban rarrabe ba. Oga Sadiq ya ci bakwai. Amma da muka sa wani ɗanyen rikodin da aka ɗauka da waya daga sahu na uku ba tare da an ɗaga shi ba, nan kam nawa ya kai ƙarshe yana neman ƙari shi kuwa K5 Pro ko a jikinsa, wannan gaskiyar Oga ce.

Abin da na yanke, zan sayi soso na asali da caja mai kyau in sa a ja min ayin, ragowar kuɗin zan sayi makirfon na maƙalawa a rigar malam don daga can matsalar take farowa. Amfi sai nan gaba in aiki ya ƙaru. Anti na je asibiti jiya an bani ranar gwaji sati mai zuwa.

Maman Walid: Alhamdulillah naji daɗi wlh. In ka karɓi takardar sakamakon ka ajiye ta da kyau, bayan shekara in an sake sai a kwatanta

Sadiq Zoo Road: Bakwai cikin goma fa Injiniya, kuma ranar da mura nake

Injiniya Nura: Bakwai cikin goma ko kwabo ka jefa yana iya baka ita wani lokacin Oga, in ka warke mu sake sau ashirin, ni ma ina son in sani da gaske

Sadiq Zoo Road: Na yarda, bayan sallah. Abba maganar makirfon kar ka saya sai ka kira ni, akwai wanda yake buƙatar wutar bolt 48 daga miksa akwai wanda batir yake amfani da shi, ka fara duba me rikodar masallacin take karɓa. Soson kuma nima ina son guda biyu, in za a yi oda daga Legas mu haɗa kuɗin mota ya zo mana da sauƙi

Ɗanlami Farm Centre: Akwai yaron da yake zuwa Alaba duk sati biyu, Laraba zai tashi. Duk mai so ya faɗi adadi kafin daren Talata, kuma sai ya turo hoton kwalin mun gani kafin ya biya

Baba Alhaji Fagge: Ɗanlami in yaron zai samu bel na abin kaset a can a tambayar mini, nawa ya saki yana jan murya. Zan aiko jikana da tsohon domin a gwada girmansa.